Birkin Motar Amana

Ƙanena Barau bai taɓa buge ko akuya da mota ba. Da wannan zan fara, saboda masu zama a kan bencina a tashar Batsari, suna cin shinkafata suna cewa ganganci ne ya kai shi inda yake yau. Ganganci! Mutumin da ya yi furfura a kan sitiyari tsakanin Batsari da Safana, ya ɗauki masu naƙuda da masu karaya da raguna da buhunan wake, bai taɓa juye kowa a rami ba. In zaginsa za a yi, a bar mini. Ni na goya shi, ni na san inda laifinsa yake, kuma ba inda suke nunawa ba ne.

Ni ce Tasalla mai abinci. A Wagini aka haife mu. Tsakanina da shi Inna ta binne 'ya'ya, shi ya sa da ya zo aka sa masa Barau, ko Allah zai bar mana wannan. Ya bar mana shi kuwa, da taurin kansa da wata irin kunya wadda har yau ban ga maganinta ba. Tun yana ƙarami in aka zuba masa tuwo bai ƙoshi ba, ba zai ce a ƙara ba, sai dai ya lashe kwanon ya kife ya fita.

Noma bai taɓa shiga ransa ba. Baba na huɗa, shi kunnensa na kan hanya, da ya ji ƙugin mota ya yar da fartanya. Dukan da ya sha a kan wannan ya isa ya gyara jaki, amma bai gyara Barau ba. Ƙarshe Baba ya gaji ya sallama shi ga wani direba. Ya yi shekaru yana lodi, ya koyi tuƙi, ya ja motocin mutane har ya yi aure ya tara iyali. Da Baba ya rasu aka raba abin da ya bari, Barau ya sayar da bijimin da ya faɗo masa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Fara ce a da, in ji wanda ya sayar masa. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an tura, shi ya sa kullum a kan gangara yake ajiye ta. Amma tasa ce. Ita ta ciyar da matarsa Sa'adiyya da yaransu, ita ta yi musu rufin kwano, ita ta aurar da babbar 'yarsa.

Da 'yan bindiga suka ɓata daji, direbobi da yawa suka ɗauke ƙafa daga hanyar Runka da Babban Duhu, ban kuma ga laifinsu ba. Barau bai ɗauke ba. Sai rana ta ɗaga yake fita, kowane ƙauye ya tsaya ya tambayi lafiyar gaba, in an ce ya koma ya juya ba musu. Matan da ba su iya fitowa kasuwa su ba shi wake da gyaɗa, ya sayar musu, ya koma musu da gishiri da manja da maganin zazzaɓi. Na sha yi masa faɗa a kan hanyar nan. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Yaya, in ban je ba wa za ya je?”

Wanda bai san hanyoyin nan ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba, don haka bari in faɗa. A daji babu gareji, direba shi ne bakaniken kansa. Tankin mai ya huje, ka murza sabulu ka toshe. Lagireto na yoyo, ka zuba garin kuka. Tiyon birki ya fashe man ya tsiyaye, ka naɗe wurin da roba, ka dama omo da ruwa ya yi santsi, ka ɗura a mazubin man, ka yi ta taka birkin har ya kama. Zai kai ka gari. Gobe ka je wurin bakanike ya zubar ya sa mai na gaskiya, shi ke nan. Duk direban da ya ce maka bai taɓa yi ba, to a kan kwalta ya yi rayuwarsa. Omon da motar Barau ta sha ya fi wanda na wanke tukwanena da shi, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Yanzu sai Zainulabidin. Ɗan Gwaggo Indo ne, ƙanwar Babanmu, wato taubashinmu. Tare suka yi kiwon awaki da Barau. Shi aka sa shi boko, ya yi gaba, ya zauna Abuja yana kwangila, ya zama Alhaji. Tun da ya zama Alhaji Barau ya daina wasan taubashi da shi, ya koma rusunawa. Ni ban daina ba. In na gan shi sai in ce ga bawana ya iso, wa ya ba ka aron riga? Shi kuma ya ce tsohuwa mai ƙanzo, har yanzu ba ki mutu ba? A yi dariya, ya miƙo ɗan abin da ya miƙo. Tun muna yara ban tuna ranar da ni da shi muka yi maganar hankali ba, kuma ban taɓa zaton wata rana wannan zai cuce ni ba.

Wata Sallah ya zo da baƙar jif, doguwa, mai duhun gilashi, irin wadda in ta tsaya ba ka jin inji na aiki. Kafin ya koma aka tare hanya aka kwashi mutane. Abokansa suka ce masa wannan motar kira ce, kowa ya gan ta ya san akwai abin ɗauka a ciki. Sai Alhaji ya sa tsohuwar riga ya bi motar haya ya sulale, ya bar ta a gidan da ya gina a Batsari, wanda ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Makullin ya danƙa wa Barau. A gabana ya ce, “Amana ce na ba ka. Ka riƙa tayar da ita kada batir ya mutu.” Bai ce ga na sabulun wanki ba, Barau kuma ba zai tambaya ba ko za a yanka shi.

Ni na sa wa jif ɗin suna Hajiya. Tana inuwa, an lulluɓe ta da tamfol, ba ta zuwa kasuwa, ba ta ɗaukar kowa, duk Juma'a a yi mata wanka. Barau zai dawo daga Runka ƙura har cikin kunne, tasa motar ko ruwa bai watsa mata ba, ya wuce ya goge Hajiya da tsumma mai laushi. Takalmi yake cirewa kafin ya shiga. Haka aka ci shekara aka shiga wata.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya aka aiko daga Wagini cewa Gwaggo Indo ta faɗi, bakinta ya karkace, ɓarin jikinta ba ya motsi. Ita ce ta ƙi barin ƙauye duk yadda ɗanta ya yi da ita. A-kori-kura na nan, amma wanda ya san yadda take jijjiga mutum ya san tsohuwa ba za ta kai Katsina da rai a cikinta ba. Barau ya kira Alhaji a waya ina tsaye. Da kunnena na ji muryarsa: “Ɗauki jif ɗin mana! Me amfaninta? Ku yi sauri!” A riƙe wannan, saboda masu cewa satar hawa Barau ya yi.

Muka je muka ɗauko ta, kanta a cinyata a kujerar baya. A dawowa, wurin haye wani rafi da ruwa ya tone, cikin motar ya daki dutse. Ba mu yi nisa ba na ga Barau na taka birki ƙafarsa na tafiya har ƙasa. Ya lallaɓa ya tsayar da ita a bakin wani ɗan ƙauye, ya shiga ƙarƙashi, ya fito hannunsa sharkaf da mai. Tiyo ya yanke. Gwaggo na gurnani a cinyata, hadari na haɗowa, kuma wurin ba na tsayawa ba ne da irin wannan mota. Mutanen ƙauyen da kansu suke ce mana ku yi ku bar nan. Barau ya yi abin da hannunsa ya sani. Ya naɗe tiyon da roba, ya sayi ƙullin omo a wani tebur, ya dama a gora, ya ɗura, ya yi ta takawa har birki ya kama. Muka isa asibiti a Katsina. Gwaggo na nan da ranta har yau, tana tauna goro da gefe ɗaya. Ko yau aka maido ni bakin ƙauyen nan, ni zan riƙe masa gorar.

Washegari ya kai motar wurin Mati, bakaniken da ke yi masa aiki tun fil azal. Mati ya sa wani tiyo, ya zubar da ruwan, ya ɗura mai, kamar yadda suka saba yi wa a-kori-kura. Aka wanke Hajiya aka mayar da ita inuwa. Abin da Barau bai sani ba, Mati bai sani ba, balle ni, shi ne birkin wannan motar ba tiyo da ƙarfe ba ne kawai. Akwai wani akwati kusa da inji, mai famfon lantarki da 'yan hanyoyi sirara a ciki, shi ke raba wa kowace ƙafa ƙarfin birki. Ruwan omo ya shige can ya kwanta, inda zubarwar Mati ba ta kai ba. Da motar da ake hawa ce kullum, wataƙila da ta nuna da wuri. Wannan kuwa tana zaune, ruwan na cinta a hankali har aka yi girbi aka gama.

Wata Juma'a Barau ya tayar da ita, sai gaban direba ya kama da fitilu ja da rawaya, wani abu na ƙara kamar an taka ɗan tsako. Birki ya ƙame. Ya zo rumfata, na zuba masa abinci bai taɓa ba. Mati ya je ya duba, ya ciro takalman birkin ya kai wa mai liƙi ya liƙa musu sabuwar fata, yadda ake yi wa kowace mota a garin nan. Wurin cirowa ya tsinke wata 'yar waya da ke maƙale a jiki, ya ce ai ba ta da wani aiki. Da aka mayar, fitila ɗaya ta ƙaru. Mati dai mutumin kirki ne, ya goge hannu ya ce, “Barau, ilimina nan ya tsaya. Motar ga ba tamu ba ce.”

Ranar na ce wa Barau ya kira mai mota.

“In ce mashi mi?” in ji Barau.

“Ka ce mashi birki ya lalace wurin ceton uwarshi. Ko ƙarya ce?”

“Dutse ya yanke tiyo, Yaya, wannan na Allah ne. Ruwan fa? Wa ya zuba?”

“To da mi za ka zuba, nono? Uwarshi ka ɗauko, Barau!”

“Gwaggona ce ni ma. Lafiya lau ya ba ni motar ga, lafiya lau zan maida mashi.” Ya ɗago ya dube ni. “In kika kira shi kafin in gyara ta, na rantse ban ƙara cin abincinki.”

Na san shi. Da cewa ya yi zai daina gaishe ni, da na kira, don wannan zai huce. Amma Barau in ya rantse a kan abinci, zai mutu da yunwa a bakin rumfata yana kallon tukunya. Ban kira ba.

Da a-kori-kurarsa ya ja jif ɗin zuwa Katsina, sandar ƙarfe a tsakani, Mati na riƙe da sitiyarin Hajiya. Duk tasha aka fito kallo, tsohuwa mai ƙofar igiya na jan gimbiya. Na Katsina suka buɗe gaba suka rufe, suka ce sai Kano. Zuwa Kano kuwa dole aka yi hayar motar da ke goya mota, wannan kaɗai ya cinye waken da ya ajiye na shekara.

Abin da ya faru a Kano Mati ne ya ba ni labari, don Barau ba ya faɗa. Gareji ne mai tayil a ƙasa, ma'aikata da riga iri ɗaya. Kafin a taɓa motar sai an biya kuɗin soka mata kwamfuta ta faɗi ciwonta da bakinta. Mai garejin, wani Tayyib, ya buɗe mazubin mai ya sansana, ya taɓa da yatsa, sai ya kira ma'aikatansa su zo su ga abin mamaki. “Baba, wanki ka yi mata ta ciki?” Suka yi ta dariya, har da mai ɗauka a waya. Barau na tsaye da hula a hannu, mutumin da ya girmi uban wasunsu. Ina ma ni ce a wurin. Da na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Wagini da tsohuwa na neman mutuwa a kujerar baya.

Da suka gama dariya aka zo maganar gyara. Akwatin nan ba a gyara shi, sai dai a sake, kuma babu shi a ƙasar nan, daga Dubai za a sa a kawo. Faya-fayan da birki ke kamawa sun yi tsatsa, fatar mai liƙi ta ƙarasa karce su a hanyar Katsina, su ma sai sababbi, kuma ba a sake ɗaya a bar ɗaya. Ga takalma na kamfani, ga 'yar wayar da Mati ya ce ba ta da aiki, ga man birki nata na daban. Bayan an ɗaura duka sai an sake biyan kwamfuta ta gabatar da sabon akwatin ga motar, in ba haka ba wai ba za ta karɓe shi ba. Kun ji fa, mota sai an yi mata sallama da baƙo! Mati ya ce da Tayyib ya faɗi jimla, ya ɗauka kuɗin motar gaba ɗaya ake nufi, har ya ce ai mu ba sayarwa muka zo yi ba.

Kuma farashin ba ya tsayawa wuri ɗaya, dala yake bi. Barau ya sayar da ragon layya, ya kira Kano, aka ce ya hau. Sa'adiyya ta kama awakinta da kanta ta ba shi, baiwar Allah. Ya kira, ya ƙara hawa. Na kwance abin da ke bakin zanena na ba shi ina zaginsa, ya karɓa yana ba ni haƙuri. Duk wannan bai kai ko'ina ba. Sannan aka aiko cewa Alhaji zai zo duba Gwaggo bayan Babbar Sallah.

Akwai wani Jinjiri a tasha, ɗan kamasho ne da ya yi kuɗi da sayar da mai a galan, ya daɗe yana zagaya a-kori-kurar. Ranar kasuwa da hantsi na hango su biyu a kan gangara, Barau na nuna masa yadda ake lallashin giya ta biyu, da inda ake bugawa in fitila ta ƙi. Na gane. Na taso da ludayi a hannu, ban ma san na taso da shi ba.

“Barau, mi nake gani?”

“Yaya, koma wurin tukunyarki.”

“Abincin ɗiyanka za ka saida don birkin motar da ko kasuwa ba ta zuwa? Mutanen Runka fa? Wa za ya je?”

Maganarsa na mayar masa, ya kuwa ji ta, don sai da ya runtse ido. Amma ya zaro makullin daga aljihu, ya kwance 'yar layar da Inna ta ɗaura masa a jikin makullin, ya miƙa wa Jinjiri sauran. Na wurga ludayin ya daki bodin motar. Alamar na nan har yau, kusa da ƙofar igiya.

Hajiya ta dawo daga Kano da ƙafarta. Abin da ya fi ƙona mini rai, murna yake yi. Ya zo har rumfa ya ce in shiga ya zagaya da ni in ji. Na shiga don in sami wurin yi masa faɗa ba a gaban mutane ba. Ya ɗan taɓa birkin da babban yatsa, motar ta tsaya cak, ba ƙara ba girgiza. “Kin ji ko, Yaya? Ko sabuwa albarka.” Na dubi fuskarsa na ga da gaske yake, sai na fasa faɗan. Ya mayar da ita inuwa ya lulluɓe, ya tafi gida a ƙasa.

Alhaji ya iso bayan Sallah a wata ƙaramar mota mara ɗaukar ido. An kawo Gwaggo Batsari don ya gan ta, gidan ya cika da 'yan gaisuwa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni na yi abincin. Barau ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yaye tamfol, ya kawo makulli da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ko waiwayawa wajen motar bai yi ba, ya miƙa wa wani baƙo da ke gefensa. Sai ga motar goyo ta shigo layin da baya.

“Na rabu da ita,” in ji Alhaji yana gyara zama. “Wani dillalin motoci na ba, zan cika in ɗauki wata. Irin waɗannan in suka fara tsufa ba a riƙe su. Birkinta kaɗai in ya tashi lalacewa sai ya talauta mutum. Gara in sake ta tun tana lafiya.” Mutane suka ce gaskiya ne Alhaji, Allah ya sa alheri.

Ban san lokacin da na dire tiren abinci ba.

“Zainu!” na ce, ban sa Alhaji ba. “Ai ya riga ya talauta mutum! Birkin ga da kake magana, wurin ɗauko uwarka ya lalace. Barau ya saida wakenshi, ya saida ragon layya, matarshi ta saida awaki, ya saida motar da yake ci da ɗiyanshi da ita, don shi maida maka taka lafiya. Kai ko kallonta ba ka yi ba!”

Alhaji ya dube ni baki buɗe. Sai ya fashe da dariya, har da buga cinya. “Kai, taubashiyata! Bana da sabon salo kika zo. Da cewa kike riga na ara, yanzu kuma motar ƙanenki na cinye!” Waɗanda ke tabarma da suka ga ya yi dariya su ma suka saki tasu, har da waɗanda da idonsu suka ga Jinjiri ya karɓi makulli. Na rantse da Allah, na sake rantsewa, hawaye na zubo mini, shi kuwa yana cewa ku duba har da kuka, wallahi tsohuwar nan ta iya. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo na goro.

Amma wani abu ya ɗan taɓa shi, na gani a idonsa. Dariyar ta rage. Ya juya ya ce, “Kai Barau, wai da gaske take?”

Ga dama ta samu. I kawai Barau zai ce. Ba roƙo ba ne, ba ƙarya ba ce, ga uwar mutumin nan a cikin gida tana numfashi. Na kafe shi da ido har kaina ya sara. Barau ya dubi tabarma, ya murza hularsa, ya yi ɗan murmushi.

“Alhaji, ai ka san halin Yaya. Wasa take.”

Da sarƙa aka ja Hajiya aka hau da ita bayan motar goyo. Ba a tayar da inji ba. Ba wanda ya shiga ya zauna, ba wanda ya ɗora ƙafa a kan birkin nan ya ji abin da aka saya da a-kori-kura. Barau ne ma ya taya su ɗaure ƙafafun, yana ce wa direban ya bi a hankali wurin ramukan bayan gari. Na goron kuwa na bar shi nan ƙasa inda ya faɗi.

Na kira Zainu a waya bayan ya koma, ba sau ɗaya ba. Da ya ji muryata yake fara dariya, tun ban gama sallama ba. Gwaggo ta san komai, amma harshenta bai koma daidai ba, in ta yi magana ɗanta cewa yake a ba ta ruwa.

Jinjiri ba ya shiga daji, kwalta kawai yake bi. Matan Runka da Babban Duhu yanzu a babur suke aiko da wake, haya ta cinye ribar, wasu kuma sun daina aikowa. Har yanzu in ɗayarsu ta shigo tasha sai ta tambayi Barau yaushe zai dawo hanya, ya ce sai yadda Allah ya yi. Yana nan tashar, shi ke kiran fasinja yana ɗaura kaya a motar da a da tasa ce, a ba shi abin da aka ga dama. Abincina yana ci, ban hana shi ba, amma ban yafe masa ba, kuma ya sani.

Jiya Jinjiri ya shigo tasha birki na kuka tun daga kwana. Na zuba wa Barau shinkafa ke nan, ya kai loma ɗaya. Ya ajiye cokali ya tashi, ya kwanta a ƙasa da rigarsa ya shige ƙarƙashin a-kori-kurar, ba wanda ya sa shi. Na kira shi, na sake kira. Ƙafafunsa kawai nake gani. Na ɗauki faranti na rufe masa abincin saboda ƙuda.